Lauyan Ranar Karyewa

A makon nan za mu ɗan ajiye zancen farashin kaya da na duwan, mu ɗauko zancen wani ma'aikaci wanda babu ɗan kasuwar da ke murnar ganinsa a ƙofar kanti, amma kuma shi a kan aika a kira da gudu ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ina nufin lauya, ko aboka kamar yadda mu ke faɗi a nan, wanda ya ƙware a kan sha'anin rancen banki da karyewar jari.

Magabata sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Alhajin da ke sauke kamyo goma na shinkafa, sau da yawa da kuɗin banki ya ke saukewa. Ma'aikacin da ya gina ɗaki biyu a bayan gari albashinsa ya jingina. Ita kanta gwamnati da rance ta ke shimfiɗa kwalta. Shi wannan lauya sau biyu a ke ganinsa a rayuwar bashi: ranar da a ke ƙulla shi, da ranar da biya ya gagara. A rana ta farko shi ke rubuta yarjejeniya, ya duba takardar gidan da za a jingina, ya tabbatar an shigar da jinginar cikin rajista. A rana ta biyu kuwa shi ke tsayawa tsakanin mutum guda da taron waɗanda ke binsa, ko kuma ya tsaya wa ɗaya daga cikin taron don kada a yi rabo ba da shi ba.

Don mu ga inda sana'ar ke iya kaiwa, bari mu leƙa Amurka mu dubi rayuwar mutum guda, Harvey Miller. An haife shi a 1933 a unguwar Burukilin ta birnin Niw Yok, ya gama karatun shari'a a jami'ar Kolombiya a 1959, ya rasu a watan Afrilu na 2015. A zamanin da ya fara aiki, manyan gidajen lauyoyi na birnin ba su son taɓa shari'ar wanda ya karye. A ganinsu aikin jan mushe ne, sai suka bar wa ƙananan ofisoshi. Miller ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan, na wani malamin shari'a mai suna Charles Seligson, ya koyi aiki a hannunsa, a 1969 kuma suka koma gidan lauyoyin nan na Weil, Gotshal & Manges, inda ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki.

Cikin shari'o'in da ofishin Seligson ya riƙe akwai wata wadda ƴan kasuwarmu za su gane ta nan take. Wani ɗan kasuwa mai suna Tino De Angelis yana da manyan tankoki a jihar Niw Jasi, waɗanda a ke cewa cike su ke da man waken suya da man angurya. Kamfanin ajiya ya kan ba shi takardar shaida cewa mai na nan, shi kuma ya kai takardar ya ci bashi da ita. Ashe tankoki da yawa ruwa ne a ciki. Da ya ke mai ba ya nutsewa, sai ya hau sama ya rufe ruwan, mai awo ya zura sanda, ya ga mai, ya sa hannu. A watan Nuwamba na 1963 asiri ya tonu, wani gidan dillancin hannun jari mai suna Ira Haupt ya faɗi tare da shi, aka naɗa Seligson ya tattara abin da ya saura don a raba wa masu bi. Duk ma'aikacin bankin da ya taɓa karɓar sito na wake a matsayin jingina, bai kuwa sa an sauke buhunan sama an ga na ƙasa ba, ya san irin wannan labari.

A 1978 majalisar dokokin Amurka ta sake dokar karyewa gaba ɗaya, sabuwar ta fara aiki a 1979. Babi na 11 na wannan doka shi ya yi suna a duniya. Kamfanin da bashi ya danne ya kan shiga inuwar kotu, masu tafiyar da shi su ci gaba da tafiyar da shi, a dakatar da kowane mai bin bashi daga kai ƙara ko kama kaya, sannan a zauna a sake tsara yadda za a biya. Dokar ta kuma yarda a biya lauyoyin wannan fanni irin ladan da a ke biyan sauran lauyoyin kasuwanci. Ba a jima ba mushen da aka ƙi ja jiya ya zama abin rububi, Miller kuwa ya riga kowa zama a bakinsa.

Shari'ar da ta fito da sunansa sosai ita ce ta Texaco, kamfanin man fetur. A 1984 Texaco ya sayi kamfanin Getty bayan wani kamfani mai suna Pennzoil ya riga ya ƙulla ciniki a kansa. Pennzoil ya kai ƙara, a ƙarshen 1985 kotu a birnin Hustan na jihar Tekzas ta ce Texaco ya biya diyyar dala miliyar 10.53. A lura, dalar Amurka na ke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba, miliyar kuwa miliyan dubu ke nan. Texaco ba matsiyaci ba ne, rijiyoyinsa na nan suna aman mai. Damuwarsa ita ce, kafin a jingine hukuncin har a gama ɗaukaka ƙara, dokar jihar na neman ya ajiye lamunin da ya kai yawan kuɗin. Ranar 12 ga Afrilu 1987 ya shiga inuwar babi na 11, Miller na jagorancin lauyoyinsa a wannan fage. Daga ranar Pennzoil ya zama ɗaya daga cikin masu jiran rabo, ba ya iya taɓa ko da famfo guda. Kafin shekara ta ƙare aka sasanta a kan dala miliyar 3. Wasu sun ce wannan wasa ne da hankalin doka, wasu sun ce gwaninta ce. Ni dai abin da na gani a ciki shi ne, makamin lauyan karyewa na farko lokaci ne: ya tsaida agogon masu bi, ya sama wa wanda ya ke karewa sararin yin magana.

Miller ya bar aikin lauya a 2002 ya koma wani gidan ba da shawara kan harkar kuɗi, ya dawo a 2007, kamar an ce masa babban aiki na tafe. A watan Satumba na 2008, yana da shekara 75, aka kira shi kan bankin Lehman Brothers. Asalin gidan nan kanti ne da wani baƙo daga Jamus ya buɗe a jihar Alabama a 1844, ƴan'uwansa suka iske shi, suna karɓar auduga daga manoma a madadin kuɗi har suka zama dillalanta, daga nan suka zama banki. Hukumomin Amurka sun ƙi ceton bankin, masu saye suka janye. Cikin daren Lahadi, kafin asubahin Litinin 15 ga Satumba, lauyoyin Miller suka shigar da takarda a kotu. A rubuce bankin na da dukiyar dala miliyar 639, ana binsa miliyar 613. Mai karatu ya tsaya ya sake duban waɗannan lambobi: a kan takarda dukiya ta fi bashi, amma duk da haka gidan ya faɗi, don kuwa abin da za a biya gobe da safe kuɗi ne a hannu, dukiyar kuma gidaje ce da takardun da ba mai saye a ranar. Za mu dawo kan wannan batu, domin shi ne ginshiƙin tamu dokar.

Cikin kwana biyar Miller ya sa kotu ta amince a sayar wa bankin Barclays na Ingila babban reshen Lehman na Amurka, tun ma'aikata da abokan ciniki ba su watse ba. Hujjarsa ita ce irin wannan dukiya kamar ƙanƙara ta ke a rana, kowace sa'a raguwa ta ke yi. Sauran rabon kuwa ya ɗauki shekaru, sai a watan Disamba na 2011 kotu ta amince da tsarin biya. A 2009 kuma shi ya riƙe shari'ar General Motors, kamfanin motoci, wanda ya shiga kotu ranar 1 ga Yuni, sabon kamfani ya fito ranar 10 ga Yuli, kwana arba'in ke nan, da taimakon kuɗin gwamnati.

Kada in yi ta yabo in manta da ɗaya gefen. Ladan lauyoyi da masu lissafi da sauran ƙwararru a shari'ar Lehman ya haura dala miliyar ɗaya da rabi tun kafin a gama, kuma daga cikin dukiyar da masu bi ke jira aka cire shi, kafin su ga ko sisi. Haka abin ya ke a ko'ina: mai rabon gado shi ke fara ɗiba. Wannan ba dalilin ƙin sana'ar ba ne, amma dalili ne na sa mata ido.

To, mu dawo gida. Waɗanda suka manyanta cikin masu karatu ba su manta da BDRN ba, bankin raya ƙasa, wanda rancen da ba a biya ba ya danne shi har aka rufe shi a 1990, aka kafa SONIBANK a gurbinsa. Ba su kuma manta da safiyar 12 ga Janairu 1994 ba, da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 ta koma 100, wanda a ke binsa kuɗin waje ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu. A shekarun nan yawancin ƙasashenmu da tsofaffin dokokin kasuwanci da Faransa ta bari su ke aiki, waɗanda ita kanta Faransa ta daɗe da sauyawa. Don haka ne ranar 17 ga Oktoba 1993, a Fot-Luwi ta tsibirin Moris, ƙasashe 14, har da Nijar, suka sa hannu a kan yarjejeniyar OHADA don su haɗa dokokinsu na kasuwanci su zama ɗaya. Daga baya adadin ya kai 17. Dokar da ta shafi karyewa an amince da ita a Libarbil ranar 10 ga Afrilu 1998, aka sake gyara ta a Garan-Basam ranar 10 ga Satumba 2015. Ita ce littafin da lauyan wannan fanni ke kwana da shi a Yamai ko Maraɗi, ita ce kuma ta takwaransa na Dakar ko Duwala. Babbar kotun da ke da kalmar ƙarshe a kan fassararta tana Abijan. A nan gida kuma, dokar 2015 ta kafa kotun kasuwanci a Yamai.

Me ya sa a ke buƙatar irin wannan doka? Mu ɗauki misali. Ɗan kasuwa ne mutum biyar ke binsa, jimlar bashin miliyan 60, abin da ya rage a sitonsa na miliyan 30 ne. In babu doka, wanda ya fara jin ƙishin-ƙishin, ko wanda ya fi ƙarfin faɗa a ji, shi zai zo da kamyo ya kwashe nasa cif, na biyu ya kwashe saura, uku su tashi da hannu biyu. In kuwa an bi doka, aka kuma ce dukansu ba mai jingina, kowa zai sami rabin abin da ya ke bi. Abin da ya fi wannan ma, in kantin na da sauran numfashi, ana iya barinsa ya ci gaba da juyawa har kowa ya sami fiye da rabi. Aikin lauya na farko shi ne ya gane wanne ne a gabansa: marar lafiya, ko gawa.

Dokar ta buɗe ƙofa huɗu. Biyu na wanda bai riga ya faɗi ba ne, biyu na wanda ya faɗi. Ta farko sulhu ce a asirce: shugaban kotu ya naɗa mai shiga tsakani, a zauna da manyan masu bi har wata uku, ana iya ƙara ɗaya, ba a bugawa a jarida, kasuwa ba ta ji. Ta biyu rigakafi ce: kotu ta dakatar da ƙararraki na wata uku, ana iya ƙara ɗaya, mai bashi ya kawo tsarin da zai fitar da shi. Ta uku farfaɗowa ce a ƙarƙashin kotu, inda masu bi ke jefa ƙuri'a a kan tayin mai bashi, kuma ba ya zama sai mafi yawansu sun yarda, waɗanda suka yarda ɗin kuma bashinsu ya kai aƙalla rabin jimla. Ta huɗu ita ce sayar da kome a raba. Gyaran 2015 ya ƙara da hanya mai sauƙi don ƙaramar sana'a, wato wadda ma'aikatanta ba su wuce 20 ba, cinikinta na shekara kuma bai wuce miliyan 50 ba.

Abin baƙin ciki, ƙofofin nan biyu na farko kusan kullum a rufe su ke don rashin mai ƙwanƙwasawa. Ɗan kasuwarmu ya gwammace ya ci sabon bashi ya toshe tsoho, ya sayar da gonar gado, ya ƙara yawan kyauta a masallaci da wurin biki don kada a gane, da ya je ya zauna gaban lauya ya ce al'amari ya fara lalacewa. Kunya ce, na sani, kuma kasuwarmu a kan suna ta ke tafiya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma doka ba ta san kunya ba, kwana ta ke ƙirgawa.

Ga yadda ƙirgar ta ke. A idon doka mutum ya faɗi ne ranar da kuɗin da ke hannunsa, da abin da zai iya mayarwa kuɗi nan take, suka kasa biyan bashin da lokacinsa ya yi. Ba a tambayar gidaje nawa gare shi a Ali Ɗan Sofo ko a Filato. Abin da ya ka da Lehman ke nan. Daga wannan rana yana da kwana 30 ya je kotu ya bayyana da bakinsa. In ya wuce, ya buɗe wa kansa ƙofar wani hukunci: kotu na iya hana shi kasuwanci da shugabancin kamfani na wani lokaci, in kuma an sami ɓoyon kaya ko lissafin ƙarya, magana ta tashi daga ta bashi ta koma ta laifi. Shugaban kamfanin da sakacinsa ya jawo giɓi, ana iya cewa ya cike giɓin daga aljihunsa, ko da kamfanin mai iyakantaccen alhaki ne.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kotu na da ikon komawa baya, har wata 18 kafin ranar hukunci, ta ce tun ranar kaza mutumin nan ya faɗi. Duk abin da ya yi daga wannan rana ana sake dubansa. Gidan da ya yi wa ɗansa kyauta, bashin ƙanensa da ya biya tun lokacinsa bai yi ba, jinginar da ya ba wani aboki a kan tsohon bashi don ya fifita shi a kan saura, duk ana iya warware su a mayar da dukiyar cikin tukunyar rabo. Ko kayan da ke da sunan matarsa, in an tabbatar da kuɗinsa aka saye su, ana iya jawo su. Lauyan kirki wannan ya ke fara faɗa wa wanda ya zo masa da dare yana neman dabarar kau da kaya. Wanda ba na kirki ba kuwa ya kan karɓi kuɗi ya rubuta takardar, bayan shekara a warware ta a gaban jama'a.

Yanzu ga naka ɓangaren, ya kai mai bin bashi, don kuwa cikin masu karanta wannan shafi masu bi sun fi waɗanda a ke bi yawa. Da zarar kotu ta buɗe shari'a, ta kan naɗa alƙali mai sa ido, da wani wakili da a ke kira sandik, wanda galibi ƙwararren kontabul ne. Sandik ba lauyanka ba ne, ba kuma lauyan mai bashi ba ne, na taron masu bi ne baki ɗaya. Ana buga sanarwa sau biyu a jaridar da ke ɗaukar sanarwar shari'a. Daga bugu na biyu kana da kwana 60 ka kai wa sandik bayanin abin da ka ke bi tare da shaidarka, wanda ke zaune a wajen ƙasa kuma kwana 90. In ka bari lokacin ya wuce, sai ka roƙi kotu ta yi maka uzuri, ka kuma nuna ba laifinka ba ne, in ba haka ba a yi rabo kana kallo. Sanarwar da Faransanci a ke buga ta, da ƙananan baƙaƙe, a shafin da ba mai karantawa. Mutum nawa ne a kasuwar Dole ta Damagaram ke bin wannan shafi? Rabin amfanin lauya a nan shi ne yana karanta abin da kai ba ka karantawa.

Rabon kansa ba a yinsa kai da kai. Layi ne, kowa da matsayinsa. A gaba akwai wanda ya kawo sabon kuɗi don ceton kamfanin a lokacin sulhu ko farfaɗowa, wannan gata ne da gyaran 2015 ya kawo don a sami mai ƙarfin halin taimako. Sai kuɗin shari'a. Sai wani kaso na albashin ma'aikata wanda doka ta fifita. Sai masu jinginar da aka rubuta a rajista, kowa a kan abin da aka jingina masa. Bayan su akwai masu gata irin su lanho da asusun ma'aikata. Can a ƙarshen layi sai mai bashin amana, wanda ya ba da kaya a kan sanayya da musafaha. Yawancin cinikin kasuwanninmu a wannan ƙarshen layi ya ke.

Ma'aikata ma kada su ɗauka fifikon da doka ta ba su ya isa. Air Afrique, wanda ƙasashenmu suka kafa a Yawunde a 1961, Nijar na cikinsu, masu bi sun karɓe waɗansu jiragensa a 1998, ya daina tashi a farkon 2002, a watan Afrilu na shekarar kuma kotu a Abijan ta yanke a sayar da kayansa. Dubban ma'aikata ne a ƙasashe goma sha ɗaya, da yawansu sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Matsayi a gaban layi ba ya ƙosarwa in tukunyar ba kome, ko in an daɗe ba a buɗe ta ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa gyaran 2015 ya sa wa'adi: wata 6 ga farfaɗowa, ana iya ƙara 3, wata 18 ga sayarwa, ana iya ƙara 6. Ko ana cika wa'adin a aikace, wannan tambaya ce da ta cancanci a riƙa yi wa kotunanmu.

Shi ya sa na ce sau biyu a ke ganin lauyan nan, kuma ganin farko ya fi araha. Ga dabara guda da ba ta cin kuɗi da yawa. Mai sayar da kaya bashi na iya rubutawa, kafin ko a ranar miƙa kayan, cewa mallakarsu na nan a hannunsa har sai an gama biya, ya kuma shigar da wannan sharaɗi cikin rajistar kasuwanci da jingina. In mai saye ya karye kayan na nan yadda su ke, sai ya nemi abinsa, ba ya shiga layi. Malamanmu na fiƙihu ba za su yi mamakin wannan ba, domin a mazhabar Malikiyya, a babin taflisi, wanda ya iske kayansa da idonsu a hannun wanda ya karye ya fi kowa haƙƙi a kansu. Bambancin shi ne, a kotun yau sai da takarda.

Ga kuma wata da ta fi shafar ma'aikatan gwamnati, waɗanda a ke yawan roƙo su tsaya wa ɗan'uwa ko aboki a banki, don albashinsu tabbatacce ne. Dokar jingina ta OHADA, wadda aka gyara a Lome a watan Disamba na 2010, ta ce mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya lamunta, da lambobi da kuma baƙaƙe. Wanda bai iya rubutu ba, sai shaidu biyu sun tsaya sun tabbatar an bayyana masa nauyin abin da ya ɗauka. Kuma in ba a rubuta akasin haka ba, doka na ɗaukar mai tsayawa da mai bashi a ɗaure su ke da igiya ɗaya: in an nemi mai bashi ya biya bai biya ba, banki na iya juyowa kanka da dukan kuɗin, ba sai ya fara sayar da kayan wancan ba. Karyewar wanda ka tsaya wa ba ta sauke maka nauyi, ranar ce ma a ke nemanka. Sa hannun minti biyu ne, amma ya cancanci a kai takardar wurin lauya a kwana da ita tukuna.

Ƴan kasuwar Maraɗi da Konni da Magarya su riƙe wani abu kuma: Nijeriya ba ta cikin OHADA. Tana da tata dokar kamfanoni, wadda ta sabunta a 2020. In wanda ka ke bi a Katsina ko Kano ya ke, kwanakin da na lissafa a sama ba su shafe shi ba, hukuncin da ka samo a nan kuma ba ya aiki can kai tsaye, sai an bi ta kotunsu. Lauyanka na nan zai nemi abokin aiki a can, lada ya zama biyu, sai ka auna ko bashin ya kai.

Wanda ɗansa ke sha'awar wannan sana'a, hanyar ita ce karatun shari'a har digiri na biyu, sannan jarrabawar shiga aikin lauya, sannan koyon aiki na shekara uku a ofishin wani babba, bisa ƙa'idar da ƙasashen UEMOA suka amince da ita a 2014. Amma wannan fanni na neman ƙari a kan haka. Dole ya iya karanta lissafin shekara na kamfani kamar yadda kontabul ke karanta shi, ya san abin da banki ke tsoro, ya kuma iya zama da mutum goma masu fushi a ɗaki guda ya fito da magana ɗaya. Yawancin aikin ba a gaban alƙali a ke yinsa ba, a kan tebur ne.

In kuwa ranar ta zo maka, ga abin da kotu za ta nema tare da bayaninka, wanda kuma lauya zai tambaye ka tun zaman farko: shaidar rajistarka ta kasuwanci, lissafin shekara, abin da ke cikin asusu da akwati a ranar, sunayen waɗanda ke binka da waɗanda ka ke bi da adireshinsu da adadin kowa, jinginar da ka bayar da wadda ka karɓa, ƙidayar kaya, da sunayen ma'aikata tare da albashin da ba a biya ba. Ladansa kuma a yanke shi a rubuce tun kafin a fara. Wanda lissafinsa ke cikin kansa, ko cikin ɗan littafin ajami a aljihun riga, sai an fara zama da kontabul an juye shi a takardar da kotu ke karɓa, wannan aiki kuwa shi kaɗai ya kan cinye fiye da rabin kwana talatin ɗin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke kama albashi a kan bashi, da kason da doka ta hana a taɓa.